Ƙanena mai son ekran mai lanƙwasa, dakata ka ji tawa tukuna

Assalamu alaikum ƴan gida. Ƙanena mai tambaya, na karanta rubutunka kuma wallahi ciwon da na ɗauka ya warke ne ka fama mini. Ka ce kana da PS4, na'urar wasan nan ta PlayStation, kana tarin kuɗin sabuwarta PS5, wani ya yi maka tallar ekran mai lanƙwasa inci 27 mai 165Hz, wato mai sauya hoto sau 165 a sakan, kuɗinsa ya kusa ninka na miƙaƙƙen da ka gani a butik, kana so ka san ko ya ci kuɗinsa. Na ga masu ce maka "saya kawai, ba ka nadama". Allah ya ba su haƙuri, amma ina so in san mutum nawa ne cikinsu ya taɓa jona irinsa da PS4 ya gani da idonsa.

PS4, har da Pro ɗinta, ba ta fitar da abin da ya wuce hoto 60 a sakan. Ko ekran na 240Hz ka kawo mata, 60 ɗin nan za ta ba shi, shi kuma ya nuna maka 60. Sauran 105 da ka biya kuɗinsu suna nan kwance a jikin kwali. PS5 ce ke kaiwa 120, ita ma ba a kowane wasa ba. Call of Duty da Fortnite suna yi, amma ƙwallon da muke kwana a kanta, FC ɗin nan, a 60 take tafiya ko a PS5. To in kai ɗan ƙwallo ne kamar yawancinmu, me kake saye ke nan? Kamar ka sayi babur mai shegen gudu ne ka kutsa da shi tsakiyar babbar kasuwa ranar cinta.

Ni ma na taɓa sayen mai lanƙwasan, kuma wanda ya sayar mini ya san wannan sarai. Ya sani, don da bakina na gaya masa PS4 gare ni. Ba zan kama sunansa ba, abokin yayana ne, masallaci ɗaya muke sallah, tun ina ƙarami Yaya nake ce masa. A ƙarshen 2023 ne, lokacin da iyakarmu da Najeriya take rufe, kaya sun yi tsada, abin da zai shigo sai ta daji a bayan babur. Ya same ni a shago ya ce, "Ƙanena, akwai wani ekran da zan kawo daga Kano, in ka buga ƙwallo a kansa ba ka sake kallon tele. Kai na fara tunawa." Kuɗin adashina ne na kwasa gaba ɗaya, jika ɗari da ɗoriya, na damƙa masa a hannu, ko takarda ban nema ba saboda Yaya ne.

Ranar da kayan ya iso, kwalin ɗaure yake da roba, kusurwa ɗaya ta lotsa, farin soson da ke tare gefe ɗaya ya dagargaje. Na nuna masa, ya ce ai kwali ne ya sha wuya, na ciki lafiya lau. Mun kunna a gabansa, hoto ya kawo, sai wani ɗan tabo baƙi can ƙasa ta hagu, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya sa babbar rigarsa ya goge wurin, ya ce ƙura ce ta shiga, za ta fita da kanta. Ba a yi nisa ba tabon ya fara yaɗo. Ran nan abokai sun taru a ɗakina da dare, an dafa shayi, an ja layin masu jiran manet, abin da ake riƙewa a buga wasan, sai ga wani zare kore ya miƙe daga tabon har sama. Kafin a je hutun rabin lokaci sun zama uku, gola na hagu ba a ganinsa kwata-kwata. Wani ya yi dariya, wani ya ce "sannu", ni kuwa ina zaune gumi na keto mini a cikin sanyin hunturu. Har yau in na tuna "sannu" ɗin nan sai raina ya ɓaci.

Da safe na kai masa. Farko ya ce kuran ne ya ƙone shi. Na ce regilatar gare ni mai daidaita wuta. Ya ce to yara ne suka danna. Na ce ɗakin a kulle yake wuni, makullin yana aljihuna. Sai ya gyara zama, ya miƙo mini kofin shayi, ya ce, "Ka san kayan wuta ba su da garanti, ƙaddara ce." Ƙaddara! Mutumin da ya goge tabon da rigarsa a gabana. Na koma da yayana, mutumin ya rantse ya maya cewa lafiya lau ya ba ni, har yana cewa shi bai ci ko dala a kai ba, taimako ya yi. Abin da ya fi ci mini rai, a hanyar komawa gida yayana ya ce in bar maganar don zumunci, kada a ji mu a unguwa saboda abin wasan yara. Abin wasan yara, kuɗin adashin shekara guda. Na bari, don ba na iya musu da yayana, amma har gobe in muka haɗu da mai ekran ɗin a sahu gaisuwa ce kawai ta fatar baki. Kuma yana nan yana sa hotunan ekran a WhatsApp, yana rubuta "sabo dal". Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Na kai wa masu gyara, duk bakinsu ɗaya. Gilashin ne ya tsage daga ciki, kuma gilashin shi ne kusan duk kuɗin ekran. Na miƙaƙƙe ma da wuya a samu, balle mai lanƙwasa. Wannan shi ne abin da masu bidiyon YouTube ba za su gaya maka ba, domin su a Turai ko Amurka in abu ya zo da matsala mayarwa suke a canza musu. Mai lanƙwasa ba ya son a kwantar da shi, ba ya son a ɗora masa kaya, ba ya son a kama shi ta gefe a ɗaga. Yanzu ka tuna yadda ake lodi a tashar mota, ka tuna hanyar Jibiya zuwa Ɗan Issa, ka tuna yaron mota da ke taka kaya yana jan igiya.

Kada ka ɗauka ina kushe saurin ne. A'a, saurin gaskiya ne. Daga baya na haɗa kwamfuta ta tebur, na sayi miƙaƙƙe inci 24 mai 144Hz a nan cikin gari, wurin wanda in abu ya lalace na san ƙofar shagonsa. Ranar farko ko wasa ban buɗe ba, linzamin kawai na ja na ga bambanci. A 60Hz kowane hoto yana daɗewa kusan milisakan 16.7 kafin wani ya maye shi, a 144Hz kusan 6.9. Wannan tazarar ido yana ganinta, hannu ma yana jinta, musamman a wasan harbi in ka juya da sauri. Amma daga 144 zuwa 240 abin da ya ragu bai kai milisakan 3 ba, 6.9 ya koma kusan 4.2, kuɗin kuwa ya yi tsalle. Tsakanin 144 da 165 ma kada wani ya karɓi ko jika ɗaya a hannunka a kai. In kana so ka ɗanɗana kyauta, nemi wanda wayarsa ke da 120Hz, ka shiga saiti ka mayar da ita 60, ka ja shafi sama da ƙasa, sannan ka mayar 120. Abin da ka gani shi ne ake sayarwa.

Lanƙwasar ce ban ga amfaninta ba a inci 27. Lambar nan da ake rubutawa, 1800R, 1500R, 1000R, awo ne da milimita daga tsakiyar da'irar lanƙwasar zuwa bakinta, ƙaramar lamba ta fi lanƙwasa. Samsung ne suka yayata 1000R da jerin Odyssey a 2020. An yi ta ne don mutum ɗaya da ke zaune tsakiya, kusa, a kan tebur. A manyan nan masu faɗi, inci 34 zuwa sama, tana da ma'ana, don gefen yana nisa da ido. Amma su ma PS5 ba ta cika su, baƙi za ka gani dama da hagu. Mu kuwa yaya muke wasa? Mutum biyu a tabarma, huɗu a bayansu suna ihu, wani a bakin ƙofa yana leƙe. Duk wanda ba ya tsakiya hoton a karkace yake zo masa, launin ma ya koɗe. Ni da nake zanen katin biki da allon shago da rana, kafin nawa ya mutu na sha wuya da shi, layi miƙaƙƙe sai in ga kamar ya tanƙware, sai na buga a takarda hankalina ke kwanciya.

Akwai gilashin ekran irin VA, akwai irin IPS, kuma yawancin masu lanƙwasan nan masu sauƙin kuɗi gilashin VA ne. Gaskiya baƙinsu ya fi na IPS kyau nesa ba kusa ba, fim da dare a kansu daɗi gare shi, wannan ba zan hana su ba. Matsalar, a wuri mai duhu in abu ya motsa sai ya bar jela a bayansa, hoton ya dame. Kana biyan kuɗin sauri, gilashin kuma yana jan ƙafa. "1ms", wato saurin amsawa na milisakan ɗaya, da ke jikin kwali kada ya ruɗe ka, kusan kowane kwali haka aka rubuta masa.

Af, kebul. Da yawansu 165 ɗin ta ramin kebul ɗin da ake kira DisplayPort kawai suke ba da shi, ta ramin HDMI sai ya tsaya 144 ko ƙasa. PS5 kuwa ba ta da DisplayPort, HDMI ce kawai. Masu kwamfuta kuma, Windows sau da yawa a 60 take barin sabon ekran, sai ka shiga saitin nuni da kanka ka ɗaga. Na san wani a cikin gidan nan, ba zan tona shi ba, da ya daɗe yana yabon 144 ɗinsa alhali a 60 yake. Kuma in katin hoton kwamfutarka ba ya iya fitar da hoto 100 zuwa sama a wasan da kake yi, kuɗin nan kati ya kamata su tafi. Wajen kaifin hoto kuma, ekran mai 1440p ya fi mai 1080p ɗigo kusan ninki biyu, miliyan 3.7 da miliyan 2 da ƴan kai, katin ne zai ɗauki nauyin. Ka kuma tambaya ko yana da lasifika, da yawa ba su da ita, sai ka kai gida ka ga ana ƙwallo shiru.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya kan rezo. Ni nan in na shiga wasan intanet, jinkirin da nake gani ba kasafai yake sauka ƙasa da milisakan 100 ba, don sabobin, manyan kwamfutocin da ke haɗa ƴan wasa, suna nesa da mu. Ekran ya rage maka 10, rezo ya ƙara maka 100, wanda ke Faransa ya harbe ka tun ba ka gan shi ba. Ba wai saurin ya tashi a banza ba ne, santsin yana nan, amma kada ka sa ran shi zai sa ka fara cin mutane.

Da ni ne kai, kuɗin nan kashi uku zan yi. In ci gaba da tarin PS5, don ita ce za ta canza maka wasa, ba ekran ba. In sayi regilatar mai kyau da ondilar mai riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarama ce, saboda yadda wuta ke tafiya ta dawo da ƙarfi, kai ma ka sani ba sai na faɗa ba. Abin da ya rage, in PS5 ta samu, miƙaƙƙe IPS inci 24 ko 27 wanda ke karɓar 120 ta HDMI ya ishe ka har ka gode Allah. Ka kula da zafi ma. Takardar yawancinsu ta ce kada ɗaki ya wuce digiri 40, mu kuwa a watan huɗu da na biyar ɗakin kwano da rana ya wuce nan. Ni tsakar rana ba na kunnawa a bazara, da hunturu kuma zane nake rufa masa saboda ƙura, kuma ban yarda kowa ya goge shi da riga ba, kowaye shi.

In kuma zuciyarka ta riga ta tafi kan mai lanƙwasan, kuɗinka ne, ba mai hana ka, kyau kam yana da shi a ɗaki. Amma don Allah kada ka ba da ko dala kafin kaya ya iso Maradi. Ka ɗauki PS4 ɗinka da kebul ɗinka ka je shagon, a kunna a gabanka. Ka sa hoto fari fat ya cika ekran, ka sa baƙi ƙirin, ka sa ja, kore, shuɗi, ka bi kusurwa huɗun nan da ido a hankali. Ka bar shi a kunne ya yi zafi, ku sha shayi, ka sake dubawa. Ɗigo ɗaya ka gani, aka ce maka ƙura ce, ɗauki kayanka ka fita. A rubuta maka takarda da kwanan wata da kwanakin da za ka iya mayarwa, ka je da shaida wanda ba ɗan'uwan mai shagon ba ne, ba kuma abokinsa ba. Ko limamin unguwarku ne ke sayarwa, a rubuta. Kwalin da soson kada ka yar, ranar tashi daga gida za ka neme su.

Ka ɗauko mana hoton takardar da ke manne a bayan ekran ɗin, inda lambar samfurin take, da hoton ramukan kebul, ka sa a nan. Akwai masu ido a gidan nan, za mu duba maka ko yana karɓar 120 ta HDMI. Kuma ka ɗan rubuto mini ta gefe ka gaya mini wane ne ya yi maka tallar, don yadda ka kwatanta maganarsa ta yi mini kama da ta wani.