Tambayoyinku: Wace irin sabuwar shekara ce ake yi da jiƙa mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shinkafa nake sayarwa a kasuwar Asawase, har da mai ƙamshin nan ta Tailan. Autana yana karatu a Bankok. Ya turo mini bidiyo ya jiƙe sharkaf, fuska fari fat kamar an shafa masa alli, wai bikin sabuwar shekara suke yi. A tsakiyar Afrilu? Kuma iyayen abokinsa sun ce baɗi ya bi ɗansu gida ƙauye. In bar shi ya je? Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Sunan bikin Songkran, ana yin sa daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasar Tailan, har yakan kai digiri 40. Ita ce sabuwar shekararsu ta gargajiya, wadda suke lissafawa da tafiyar rana. Tun 1941 gwamnati ta mai da farkon shekara 1 ga Janairu, amma jama'a ba su saki tasu ba, kuma har yau ranakun hutu ne. A 2023 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa. Laos da Kambodiya da Myanmar ma kowacce tana da irinsa a wannan tsakanin.

Abin da kika gani a bidiyo na titi ne. A unguwannin Silom da Khao San a Bankok, matasa da baƙin yawon buɗe ido ke fitowa da bokiti da bindigar ruwa, wasu a bayan akori-kura da ganga cike da ruwan ƙanƙara. Farin abin nan kuwa wata farar ƙasa ce da suke kwaɓawa su shafa wa juna.

Ni dai na cikin gida ya fi kama mini rai, kuma shi ne asalin bikin. Bankok takan yi fayau, domin ma'aikata sun watse garuruwansu wajen iyaye. Ana share gida tsaf. Sai a zaunar da tsofaffi, 'ya'ya da jikoki su zo ɗaya bayan ɗaya a durƙushe. Tsohuwa ta miƙo tafin hannuwanta a kan tasa, jika ya ɗebo ruwa mai furen yasmin a ɗan ƙaramin kwanon azurfa, ya tsiyaya mata sannu a hankali, ya roƙi gafarar duk laifin da ya yi mata a shekarar. Ita kuma ta shafa masa kai da jiƙaƙƙen hannun, ta sa masa albarka. Suna ce masa rod nam dam hua. Ke da kika san yadda yaran Zongo ke zagaya gidajen manya ranar sallah suna durƙusawa, wannan ba zai yi miki baƙo ba. Hukuma ma ta keɓe 13 ga wata ranar tsofaffi, 14 kuma ranar iyali.

Akwai ɓangaren ibada, kuma gara yaro ya san shi tun daga nan. Yawancinsu mabiya addinin Buddha ne. Sukan kai wa malamansu abinci da sassafe, su zuba wa gumakan Buddha ruwa, su saki tsuntsaye da kifi, su kai yashi harabar wurin bauta su tara shi tsibi-tsibi, a madadin wanda ƙafafunsu suka kwashe cikin shekara. Wannan nasu ne. Ya ja gefe cikin ladabi, ya ce shi Musulmi ne. Ba za su ji haushi ba, sun saba da Musulmi, don akwai su da yawa a ƙasar, musamman a kudu, wajen Pattani da Yala da Narathiwat. Ya kuma tambayi abin da ke cikin miya, saboda suna yawan cin naman alade.

Ki bar shi ya je, Hajiya. Hanya ce kawai ke damuna. Makon Songkran su da kansu "kwana bakwai masu haɗari" suke kiransa, domin kowace shekara ɗaruruwan mutane ke rasuwa a hatsarin hanya, galibi 'yan babur, saboda gudu da giya. Ki ja masa kunne kada ya hau babur a kwanakin nan, ya sayi tikitin jirgin ƙasa ko bas da wuri, don kujeru kan ƙare tun saura makonni. Ya ƙulle wayarsa da fasfo a leda, kuma kada ya shiga gidan mutane hannu rabbana, ko kwandon mangwaro ne ya riƙe wa tsohuwar.