Shirin Ban Kwana da Tsofaffin Kaset: Amsoshin Tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wata tashar FM a Jigawa, gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gumel. Maigidana da ya koya mini aiki zai yi ritaya ƙarshen watan gobe, bayan ya daɗe yana gabatar da shirin kiɗan Turawa na daren Asabar. Yana so shirinsa na ƙarshe ya zama na awa ɗaya, ya sa waƙar rok guda daga kowace shekara goma, tun daga shekarun 1950. To amma yawancin waƙoƙin a kaset suke, cikin adaka a ɗakinsa na ƙauye. Na gwada biyu, ɗaya tana tsuwwa, ɗaya kuma rikoda ta cinye zaren. Yaya zan yi, kuma yaya za mu raba lokacin?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake sa ko kaset ɗaya a rikodar nan sai an duba ta. Galibi laifin cin zare na rikoda ne. Buɗe murfin ka leƙa, za ka ga wata 'yar tayar roba da ke matse zare a jikin siririn ƙarfe mai juyawa. Idan tayar ta yi dauɗa ko ta ƙandare, zare yakan manne mata ya naɗe. Haka kuma idan bel na ciki, wato igiyar robar da ke juya injin, ya saki, gefen da ke naɗe zare sai ya tsaya alhali ana ci gaba da turo masa, zaren ya tare a ciki ya cukurkuɗe. Rikodar da ta shekara goma a ƙarƙashin rufin kwano, bel ɗinta kan narke ya koma kamar kwalta. Masu gyaran rediyo suna canza shi, in babu a kusa akan samu a kasuwar Sabon Gari a Kano, amma a je da tsohon ko da rikodar kanta domin a gwada faɗinsa.

Bayan bel sai wanki. Ka samu tsinken auduga da sifirit mai ƙarfi marar launi, ka goge kan ƙarfen da ke karanta sauti, da siririn ƙarfen, da tayar robar, har audugar ta daina fitowa da jan datti. A robar kada ka jiƙa da yawa. Bari su bushe minti biyar, sannan ka fara gwaji da kaset ɗin da ba ka jin asararsa.

Yanzu kaset ɗin kansu. Kafin komai, ɓalle 'yan haƙoran roba biyu da ke samansu, don kada hannu ya kai kan jan maɓallin naɗi a goge abin da aka adana shekara talatin. Sa biro mai kusurwa shida a ramin ka juya a hankali. In ya yi tauri, zaren ya manne da juna saboda zafi, sai ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya kafin ka kunna. Wannan kaɗai yakan rage tsuwwa. Sai ka duba ƙasan kaset a tsakiya: akwai ɗan soso kamar ƙwayar gero biyu a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare jikin kan rikoda. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, sauti ya fito kamar ana waƙa cikin tulu. Ana iya mayar da shi da ɗigon gam, amma mafi sauƙi a kwance wani kaset mai ƙusoshi biyar a juye zaren cikin gidansa. Wanda ya tsinke kada a haɗa shi da salatif, domin gam ɗinsa yana tsattsafowa da zafin bazara ya ɓata zagaye da yawa. Wanda kuma ka ga fari-fari a jikin zarensa, fumfunar damina ce, ware shi gefe ya zama na ƙarshe, ka sake wanke rikoda bayansa.

Idan komai ya yi tsaf amma har yanzu muryar a dushe take, akwai 'yar ƙusa a gefen kan rikoda mai daidaita karkatarsa. Yi wa inda take alama, ka juya ta da ƙaramin sukudireba kaɗan-kaɗan, kada ya wuce rubu'in zagaye, kana saurare har ka ji ƙarar kuge da harafin "s" sun fito tas. Muryar da ke jan ƙafa kuwa alamar batir ya yi sanyi ne ko bel bai kama ba, domin an ƙera zaren kaset ya yi tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa.

Wajen juyewa a kwamfuta, ɗauki sauti daga ramin fitar sauti na rikoda zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta ko na ƙaramin akwatin sauti na USB. Ramin makirufo ba nasa ba ne, zai fasa sautin. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Nemi wurin da waƙar ta fi ƙara, ka daidaita ma'aunin ƙarfin sauti ya tsaya wajen -6. Adana a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, 44.1 kHz, minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, kaset mai minti 90 kuwa kusan 900, kuma minti 90 ɗin za ka zauna, babu gajeriyar hanya. In ka ji gurnani a ƙarƙashin waƙar, yawanci daga wuta ne ko janareto. Zare cajar kwamfutar ta yi aiki da batirinta, sau da yawa nan take yake ɗaukewa.

Ga shawararmu, ko da ba ka tambaya ba. Waƙoƙin nan duk akwai su a wasu wurare da sauti mai tsabta, in tashar tana da su a CD ko a ma'ajiyarta a yi amfani da waɗancan. Abin da babu shi ko'ina sai cikin adakar nan shi ne muryar maigidan naka yana matashi, da tsohon taken shirin, da gaisuwar masu sauraron da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗannan za ka fara juyewa. Daƙiƙa talatin na tsohuwar muryarsa a buɗe shiri ya fi kowace waƙa taɓa zuciyar mai sauraro.

Batun lokaci kuwa, awa ɗaya a rediyo ba ta cika minti 60. A ce labarai sun ɗauki 5, talla 6, taken tasha da na shiri 2, saura 47. Waƙoƙin shekarun 1950 da na farkon 1960 gajeru ne, minti biyu zuwa uku, don a ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ake sayar da su. Na shekarun 1970 su ne masu cin lokaci, wata minti shida, wata takwas, mai jita ya yi ta kiɗa shi kaɗai. Waƙa shida, daga shekarun 1950 zuwa na 2000, za su ci wajen minti 25. Ragowar 22 a raba su haka: 3 na buɗewa, 9 na bayani tsakanin waƙoƙi, 5 na kiran waya, 5 na godiya da neman yafiya. Kiran waya shi ke rusa irin wannan shiri, domin Bahaushe ba ya ban kwana a minti ɗaya, sai ya gai da mutanen garinsu kaf. A naɗi gaisuwar ƙungiyoyin masu sauraro tun kafin ranar a tace, a bar layi biyu ko uku kai tsaye. Waƙar ƙarshe a lissafa ta daga baya: in minti huɗu ce kuma shiri zai ƙare ƙarfe goma, to goma saura minti huɗu ta riga ta fara, ko an gama magana ko ba a gama ba. Neman yafiyar ya zo kafin ta, kada labarai su yanke dattijo yana tsakiyar cewa a yafe masa.

Abu biyu kafin ranar. A sa wanda ya ji Turanci sosai ya saurari baitocin, don waƙa mai daɗin kiɗa kan ɗauko maganar da ba za a iya faɗa gaban surukai ba. Sannan a saurari duka shirin a ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya, irin wadda ake ratayewa a gona. Wasu waƙoƙin shekarun 1960 an raba su ne murya a gefe guda, ganga a ɗaya gefen. In wayar da ka juye da ita gefe ɗaya ta ɗauko, sai a ji kiɗa babu mai waƙa. Na CD daga shekarun 1990 kuma sun fi na kaset ƙara nesa ba kusa ba, a daidaita su, kada mai sauraro ya yi ta murɗa rediyo.

TAMBAYA: Malam, ni manomi ne a yankin Garki. Ina jin ana cewa rok, shin wane irin kiɗa ne, kuma na Turawa ne kaɗai?

AMSA: Ɗan'uwa, ginshiƙinsa jita mai amfani da lantarki, da jita mai kaurin murya, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa hannu da ƙafa. A Amurka ya tashi a shekarun 1950, kuma tushensa mafi ƙarfi kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar ne, irin su Chuck Berry da Little Richard, kafin Elvis Presley ya kai shi gidajen farar fata. A shekarun 1960 samarin Ingila suka karɓe shi, musamman Beatles na birnin Libaful, waɗanda suka watse a 1970. Shekarun 1970 sauti ya yi nauyi, waƙa ta yi tsawo. Na 1980 na'urori suka shigo, kuma bayan buɗe tashar talabijin ta waƙoƙi MTV a 1981 hoton bidiyo ya zama rabin kasuwar. A farkon 1990 ƙungiyar Nirvana ta dawo da shi da kaushi, baiti a hankali, amshi da ƙaraji.

Mu ma muna da rabonmu. A Legas ta shekarun 1970 akwai ƙungiyar Ofege, 'yan makarantar sakandare ne lokacin da suka fara. Wanda ya fi kusa da kunnenka shi ne kiɗan jitar Buzaye da ake ji a wayoyi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis: Tinariwen na Mali, waɗanda suka ci kyautar waƙa ta Grammy a 2012, da Bombino ɗan Agadas, da Mdou Moctar shi ma daga Nijar. Wanda ya saba da gurmi ko molo zai ji yadda suke maimaita gajeren zubi ɗaya suna yi masa ado.

TAMBAYA: Ina wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Ina so in naɗi shirin ban kwanan wani mai gabatarwa a wayata, amma duk abin da na naɗa shuu yake yi.

AMSA: Hajiya, in wayar mai rediyo ce a ciki, duba ko tana da maɓallin naɗi a wurin rediyon, ya fi kara waya a bakin lasifika. Wayar kunne ita ce eriyarta, a warware ta a miƙe kusa da taga, kada a dunƙule. Cire caja lokacin naɗi, a nisanci janareto da fitilar caji, su ma suna kawo shuu. A cika batir tun da rana, a tabbatar katin ajiya yana da wuri, a kuma yi gwajin minti biyu da shirin da ke gabansa a saurara kafin naku ya fara.