Alhaji, Kafin Ka Sayi Motar Sojan Nan, Nawa Kake Biya Kan Kowane Buhu?

Wani ɗan kasuwar hatsi da ke da rumfa a Dawanau ya aiko min da tambaya. Ya ce yana sayo masara da waken soya daga Saminaka da ƙauyukan da ke bayanta, kuma kuɗin mota na cinye masa riba, ga wulaƙancin direbobi da damina idan hanyar ƙauye ta yi taɓo. Ƙanin matarsa ya samo masa wata tsohuwar motar sojan Jamus, ƙirar MAN, wadda ƙafafunta shida duk suna ja, an shigo da ita ta Kwatano, ana neman naira miliyan 28. Jarinsa gaba ɗaya miliyan 45 ne. An ce masa ba ta yi tafiyar kirki ba, ba ta kafewa, kuma cikin shekara ɗaya za ta mayar da kuɗinta, har ya ƙara ta biyu. Yana so in ce masa ya saya ko kada ya saya.

Alhaji, na karanta saƙonka sau uku ina neman abu ɗaya, ban same shi ba. Ka faɗa min farashin mota, ka faɗa min ƙarfinta, har tsayin tayarta ka kwatanta min. Amma ba ka faɗa min nawa ka biya na dakon kaya bara ba. Buhu nawa ka ɗauko? Sawu nawa? Nawa ya kama a kan kowane buhu daga Saminaka zuwa bakin rumfarka? A cikin sawun nan, nawa ne mota ta kafe da kayanka har ka yi asara? Na tabbata da kana da waɗannan a rubuce da ka sa su, domin su ne hujjarka. Ba ka da su. Wannan shi ne kuskurenka, kuma ya fi maganar motar girma. Kana jin zafin kuɗin da kake miƙa wa direba ne saboda da hannunka kake ƙirga shi kowane mako, sai zuciya ta ce maka gara ka mallaki taka. Zafin zuciya kuwa ba ya zama lissafi. Mutum ba ya ɗaukar fiye da rabin jarinsa ya zuba a maganin ciwon da bai taɓa auna girmansa ba.

Bari in yi maka lissafin da ya kamata a ce kai ka kawo min. Motar da ka kwatanta, irin wadda rundunar sojan Jamus ta fara karɓa ne a shekarun 1970, kuma mai ƙafa shida an ƙera ta ne don ɗaukar tan 7. Buhu 70 ke nan na kilo ɗari-ɗari. Ita kanta ba kaya ta haura tan 10, domin ƙarfen da aka zuba mata na shiga daji da ƙetare rafi ne. Injinta mai silinda takwas ne, kuma masu irinta suna zuba mata wajen lita 40 zuwa 50 na man dizal a kilomita 100. A ce zuwa da dawowarka kilomita 400 ne. Lita 180 ke nan a sawu ɗaya. Raba wa buhu 70: kowane buhu ya sha fiye da lita biyu da rabi. Yanzu ɗauki babbar mota ta 'yan kasuwa mai ɗaukar tan 10, wadda ke shan wajen lita 25 a kilomita 100. Lita 100 a kan buhu 100, lita ɗaya kowane buhu. In mun sa lita a naira 1,200, kai kana biyan sama da 3,000 na mai kawai a kan buhu, maƙwabcinka a Dawanau yana biyan 1,200. Ku biyun kuma farashi ɗaya za ku sayar, domin mai saye ba ya tambayar wace mota ce ta kawo masara. Ban sa albashin direba da yaron mota ba, ban sa taya ba, ban sa abin da ake bayarwa a hanya ba.

Na san abin da za ka ce: ai ba wanda ke tsayawa a tan 7, za ka lafta mata buhu 150. Duba bayanta tukuna. Injinta a bayan kan motar yake, ya cinye wani sashe na wurin kaya, bodin kuma yana can sama. 'Yan dako za su ɗaga buhu zuwa tsayin da ba su saba ba, kuma za su sa maka shi a kuɗin lodi. Idan ka tara kaya sama a kan mota mai tsayi irin wannan, to ka roƙi Allah a kowace kwana. Sannan birki da giyar da aka yi wa tan 7 ba su san da yarjejeniyar da ka yi da zuciyarka ba.

Abin da nake so ka gane game da motar soja shi ne wanda aka ƙera wa ita. Soja ba ya ƙirga mai a kan buhu. Gwamnati ce ke zuba masa, kuma yana da bakanikensa da rumbun kayan gyaransa suna biye da shi. Buƙatarsa ita ce mota ta kai inda aka tura ta, ko nawa za ta ci. Kai kuwa ribarka a kan buhu wani lokaci ba ta kai kuɗin lita biyu ba. Kuma wata nawa ne hanyar ƙauyen nan ke gagara? Agusta da Satumba, ka ƙara da ɗan wani abu. Lokacin ma ba shi ne lokacin da kake kwasar masara ba. Kwasa da kaka ake yi, daga Oktoba zuwa gaba, lokacin da ƙasa ta bushe har ƙaramar a-kori-kura na shiga gona. Za ka yi wata goma kana biyan kuɗin ƙarfin da wata biyu kawai kake buƙatarsa.

Maganar "ba ta yi tafiyar kirki ba" ita ce ta fi ruɗin mutane, kuma sau da yawa gaskiya ce. Sai dai motar da ta shekara talatin ko arba'in yawanci a ajiye, zama ya ci ta ta inda gudu bai ci ba. Duk wata roba da ke jikinta ta bushe: bututun iskar birki, robobin da ke tare mai, tiyon mai. Tayoyin za ka gan su da zane kamar sababbi, amma ka duba gefensu, akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su. Girman tayar ma na soja ne, wanda ba kowane mai taya ke ajiyewa ba, kuma guda shida ne, ko ɗaya ta fashe ba ka da ta biyu a gefenta da za ta riƙe ka zuwa gari. Injin kam, a yi masa adalci, Deutz ne mai sanyaya kansa da iska, kuma akwai bakanikai a Kano da suka san shi. Inda gizo ke saƙa shi ne giyabos da na'urar da ke raba ƙarfi zuwa ƙafafu shida. Kafin ka ba da ko sisi, ka je Ƙofar Ruwa da ƙafarka, ka tambayi waɗannan biyun. In aka ce sai an aika Ladipo a Legas, ko sai an yi odar daga Turai, ka tambayi kwana nawa, ka ninka da abin da za ka rasa kowace rana.

Na taɓa zama da wani mai sayen auduga da hatsi a yankin Funtuwa wanda ya yi irin abin da kake shirin yi. Shi ma ɗan'uwa ne ya kawo masa, shi ma da kuɗin sayen kaka ya biya. Wata biyu na farko yana ta yabo, har mutane na zuwa kallo. Ana tsakiyar kwasa na'urar raba ƙarfin nan ta fashe da kaya a kai. Aka sauke buhuna a bakin hanya aka nemo motar haya, irin wadda ya gudu daga gare ta. Motar ta yi wata biyar a ƙofar gidansa ana jiran ƙarfe ɗaya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a shekarar masara ta yi tsada bayan kaka, abokansa da suka cika rumbu suka ci riba, shi kuwa kuɗin da zai cika nasa rumbun yana tsaye a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Daga baya masu haƙa rijiyar burtsatse suka saya, da kusan rabin abin da ya biya. Da na tambaye shi nawa yake kashewa a haya kafin ya saya, shiru ya yi, kamar yadda nake zaton kai ma za ka yi.

Ka lura da waɗanda suka saya daga hannunsa. Su ne irin mutanen da motar ta dace da su. Mai haƙa rijiya yana ɗora mata injin haƙa, ya shiga inda babu hanya, ya yi kwanaki a wuri ɗaya, kuma kuɗin aikinsa ya isa ya haɗiye man. Haka masu ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, ko masu kai ruwa da abinci wuraren haƙar zinariya irin na Jado tun da aka gano ta a 2014. A can rairayi ne ɗaruruwan kilomita, motar da ba ta ja da ƙafa duka ba ta isa, don haka mai kaya dole ya biya abin da aka yanka masa. Kai mafi yawan hanyarka kwalta ce, kuma kana gasa da ɗaruruwan motoci da ke neman lodi.

Akwai kuma takardu da launi. Doka a Najeriya ta hana farar hula sa wa motarsa koren fenti irin na soja, kuma shigo da kayan da suka shafi soja yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka nemi ganin takardun kwastam na asali, ka kai a tabbatar maka lambar jikin motar ta yi daidai da su. Ko ka sake mata fenti, siffarta ba ta ɓuya. A halin da hanyoyinmu suke ciki, za a riƙa tsayar da direbanka a kowane shinge, kuma ba na so in yi tunanin abin da 'yan bindiga za su ɗauke ta in sun hango ta da magariba. Ran yaran mutane ne a cikinta.

Game da ƙanin matarka, ban ce yana cutarka ba. Amma ka tambaye shi kai tsaye ko yana da la'ada a cinikin. In yana da ita, to dillali ne, kuma maganar "za ta mayar da kuɗinta a shekara ɗaya" maganar dillali ce. Miliyan 28 a shekara na nufin ribar sama da miliyan biyu kowane wata bayan an cire mai da gyara da albashi, ba hutu ba lalacewa. Ka ce ya rubuta maka yadda za a yi hakan a takarda. Maganar mota ta biyu kuwa ka ajiye ta, ba ka ga ƙarshen ta farko ba.

Amsata ita ce kada ka saya bana. Ka bar miliyan 45 ɗinka su shiga masara da waken soya, inda ka san kan abin. Ka sayi littafi, ka ba yaron rumfarka: kowane sawu ya rubuta rana, gari, yawan buhu, kuɗin mota, kuɗin lodi da saukewa, da ko an kwana a hanya da dalili. Ka nemi direba ɗaya ko biyu masu amana ku yi yarjejeniyar kaka gaba ɗaya a kan farashin buhu, domin mai ba da lodi kullum yana da bakin neman ragi. Ƙauyukan da ke gagara da damina, ka ɗauki hayar tarakta mai tirela ta fito maka da kayan bakin kwalta, ka rubuta wannan ma. Bayan kaka ka tara jimillar ka aiko min. In ta nuna kana da lodin da zai riƙe mota kwana 20 a wata, sai mu yi maganar irin motar da kayan gyaranta ke zube a Ƙofar Ruwa, da kuma yadda za ka biya ta daga riba ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba.