Manja na daskare mana a bututu da hunturu

Tambaya: Malam Injiniya, ina aiki a wata masana'antar sabulu a Kano. Da hunturu ya kama, manja kan daskare a bututu cikin dare, da asuba sai mun gasa shi da wuta. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah ku daina wannan gashin, kada gobara ta tashi. Manja sai ya kai wajen digiri 35 yake narkewa sosai, sanyin asubahin Kano kuwa ka san shi.

Ana bin jikin bututun ne da wayar lantarki mai ɗumi, a ɗaure ta, sannan a naɗe da audugar gilashi, a rufe da kwano. Naɗin nan kada ku yi masa rowa, in babu shi iska kawai kuke ɗumamawa. Ni na fi son wayar da ke rage zafinta da kanta idan bututu ya ɗumama. Idan kuna da tukunyar tururi, siririn bututun jan ƙarfe da tururi ke bi ta cikinsa ma ya isa a madadin wayar. Ku kula da bawul da lanƙwasa, nan ake fara toshewa.

Ko bututun ɗanyen man Yuganda zuwa Tanga a Tanzaniya, mai kilomita 1,443, da lantarki aka tsara ɗumama shi, saboda man yana da kakin da ke daskarewa.