Tambaya da Amsa: Da Wace Jaka Mai Suna Ake Farawa?

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Asawase, cikin birnin Kumasi na ƙasar Ghana. Na kusa ɗaukar adashina, kuma ina so in sayi jakar hannu mai suna, ta farko a rayuwata. Wata ƙawata ta ce in sayi Coach, wata kuma ta ce Coach ba ta cikin lissafi, in ba Louis Vuitton ba to in haƙura. Wai da wace ake farawa?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a abin da kika tara. Ƙawayenki kowace ta hango wani hawa ne daban, domin jakunkunan nan hawa-hawa ne.

Hawan ƙasa shi ne na su Coach, Michael Kors, Kate Spade, Tory Burch, Furla da Longchamp. Yawancin jakunkunansu suna tsakanin dala 250 da 600 a shagunan kamfanin, ita kuwa Le Pliage ta Longchamp, wadda aka fara fitarwa a 1993, ba ta kai dala 200 ba in dai samfurin yau da kullum ce. Sama da su akwai tsofaffin gidajen Turai irin Louis Vuitton da aka kafa a Faris a 1854, da Gucci na Italiya na 1921. A nan abin da ake kira jakar farawa shi ne Speedy ko Neverfull na Louis Vuitton, kuma kuɗinsu daga wajen dala 1,500 yake tashi har ya haura 2,000. Can ƙololuwa sai Chanel da Hermès. Matsakaiciyar jakar Chanel mai sarƙa ta wuce dala 10,000 tun 2023, saboda haka ba da ita ake koyon sayayya ba.

Mun kawo farashin da dala ne domin sidi, kuɗin Ghana, ba ta zama wuri guda. Ki duba canjin ranar da za ki biya, ki ƙara kuɗin aikowa da na kwastan.

Ra'ayinmu shi ne Coach jaka ce mai suna, babu tantama. Kamfanin yana aikin fata tun 1941 a birnin New York, kuma jakarsa ta fata zalla takan fi wasu masu tsada jure wahala. Ga macen da ke shiga tiro-tiro, wato ƙaramar bas ta haya, kullum, tana ɗauke da littafin darasi da waya da kwalbar ruwa, jakar farawa ita ce wadda ta cika sharuɗɗa uku: ta gaske ce, an biya kuɗinta ba tare da cin bashi ba, kuma za a riƙa fita da ita ba a jibge ta a sif ana jiran ranar biki ba. Idan kuɗin adashin zai ƙare ƙarƙaf a kan jaka guda, to kin hau hawan da ba naki ba tukuna.

Wajen zaɓe, ki nemi baƙa, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu, domin su ne ke shiga da atamfa da leshi da abaya duka. Faɗinta ya kasance santimita 25 zuwa 30. Ta kasance da zif a baki, saboda cunkoson kasuwar Kejetia ba wurin jaka mai buɗaɗɗen baki ba ne, kuma wannan ne babban aibin Neverfull, bakinta a buɗe yake sai ɗan maƙali. Ki samu mai doguwar igiya da ake cirewa, ki rataya ranar aiki, ki cire ranar suna. Fata kuwa, mai gurje-gurje kamar tsakuwa ko wadda ake kira saffiano, mai siraran zane a giciye, sun fi ɓoye ƙarzuwa. Fatar ɗan rago mai laushi tana da kyau a ido, amma farce kaɗai ya isa ya bar mata tabo.

Gaskiya ne Louis Vuitton mai tambarin LV ba fata ba ce? Na ji haka a gidan biki a Aboabo, na kasa yarda.

Gaskiya ne, 'yar'uwa. Jikin jakar yadin auduga ne mai kauri da aka shafe da roba, kuma tun 1896 kamfanin ke buga wannan tambarin. Haka ma Gucci mai tambarin GG da ake kira Supreme. Wannan ba ha'inci ba ne, yadin ba shi da nauyi kuma ruwa ba ya ratsa shi. Fatar tana hannaye da gefuna ne. A samfurin mai tambarin LV, fatar saniya ce da ba a rina ba, ana kiranta vachetta. Tana zuwa fara-fara, ta riƙa yin duhu da kanta har ta koma ruwan zuma. Ɗigon ruwan sama guda yakan bar mata shaida, haka ma zufa da man shafawa da sabon lalle. A gari mai damina biyu kamar Kumasi, wadda ta nace sai Louis Vuitton gara ta ɗauki samfurin Damier Ebene, mai zanen dara ruwan ƙasa, domin hannayensa fata ce rinanniya mai duhu.

Ina haɗa lefe ne, aure saura wata biyu. Wata mai sayarwa a Instagram ta nuna mini Louis Vuitton sabuwa dal a sidi 1,800, da kwali da rasit da katin shaida. Ta ce daga Dubai take kawowa, shi ya sa take da sauƙi. In saya?

Ango, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar. Wannan jakar jabu ce, kuma ba sai mun gan ta ba. Louis Vuitton ba ya ba dillalai kaya, ba ya yin rangwame, a shagunansa da shafinsa na intanet kaɗai yake sayar da sabuwa. Ba shi da shago a Ghana, kuma shagonsa na Dubai ba ya sayarwa a kan kashi ɗaya cikin goma na farashi. Katin shaidar ma tona asirin jakar yake yi, domin kamfanin ba ya bayar da irin wannan katin. Kwali da rasit da jakar yadi da ke kare ta daga ƙura kuwa duk ana buga su, wani lokaci a wurin da aka ɗinka jabun.

Wasu za su ce maka duba lambar ciki. A da, jakunkunan na ɗauke da 'yan haruffa da lambobi da ke nuna masana'anta da lokacin ɗinki, amma daga 2021 kamfanin ya daina, ya koma ɓoye ɗan guntun na'ura a cikin shafin jakar. Ke nan sabuwar jaka da aka ce ta bana ce, kuma ga lamba a ciki, ta ƙaryata kanta. Tsohuwa mai lamba ma ba hujja ba ce, masu jabu sun daɗe da iya kwaikwayonta.

Abin da hannu da ido ke iya kamawa shi ne wannan. Ɗinki ya tafi daidai, tazara ɗaya, babu zare a tsaye ko gam da ya leƙo. Zif ya tafi sumul, ƙarfen ya yi nauyi, rubutun da ke jikinsa ya fito tsaf. Gefen hannaye a murje yake, ba fenti mai danƙo ba. Warin roba ko na gam mai hawa kai mummunar alama ce. Sai dai jabun yanzu akwai masu kyan da ke rikita ido, shi ya sa farashi da wurin saye suka fi kowace alama ƙarfi.

Lefe kaya ne da dangi ke buɗewa a gaban jama'a, kuma a cikin gwaggwanni da ƙawayen amarya ba a rasa wadda ta san kaya. Sidi 1,800 ɗin nan, ko da ɗan ƙari, zai iya kawo maka Longchamp ta gaske ko ƙaramar Coach daga shagon rangwamen kamfanin. In ba haka ba, ka je wurin ƙwararren baduku ya ɗinka mata ta fata zalla, marar tambarin kowa.

Yayata na zaune a Ingila, ƙanin mijina kuma a Amurka. Wa zan aika? Ko in nemi ta gwanjo?

Ya danganta da jakar, Hajiya. Coach, Michael Kors, Kate Spade da Tory Burch kamfanonin Amurka ne, can suka fi sauƙi. Amma ki sani, yawancin kayan shagunan rangwamensu ba ragowar babban shago ba ne, don wurin aka ɗinka su, sau da yawa da fata mai ɗan sirantaka da ƙarfe marar nauyi. Na gaske ne, sai dai kada wani ya sayar miki da su a farashin babban shago. Longchamp da Louis Vuitton sun fi sauƙi a Faransa, kuma baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya karɓo wajen kashi 12 cikin ɗari na kuɗin idan ya cike takardar haraji a shago ya tantance ta kafin ya fita. Ingila ta soke irin wannan tsarin tun Janairun 2021.

Gwanjo hanya ce mai kyau ta farawa, musamman tsofaffin Coach na fata mai kauri da ke fitowa a dila jefi-jefi. Ki duba kusurwoyi huɗu na ƙasa, nan ne jaka ke fara cinyewa. Ki duba gindin hannaye ko ɗinki ya saki. Ki sa hannu ciki, in shafin yana danƙo ko yana marmashewa, ki ajiye. Baduku na iya canza zif, ya sake ɗinki, ya rina fata, amma yadin roba da ya tsage ba ya gyaruwa. Idan jakar ta manyan kuɗi ce, ki biya a tantance ta ta hanyar kamfani irin Entrupy, ko ki saya a shafukan da ke duba kaya kafin su aika, kamar Fashionphile. Kada ki tura kuɗi gaba ɗaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ga wanda ba ki sani ba kafin kaya su zo hannu.

Na ajiye jakata cikin leda a akwati wata biyar, na buɗe na tarar ta yi fumfuna, wata kuma tana ɓarewa. Me ya jawo?

Ledar ce ta jawo, ƙanwata. Ta kulle danshi a ciki, fumfuna kuwa abin da take so ke nan. Ki fitar da jakar waje, ki goge da busasshen ƙyalle mai laushi, sannan da wani mai ɗan laima, ki shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba. Bayan ta bushe ki shafa man fata na musamman kaɗan, ki fara gwadawa a ƙasan jakar. Kada ki sa man kaɗanya ko basilin, suna baƙanta fata marar rini su bar maiƙo. A lokacin hunturu ki maimaita shafawar sau ɗaya, domin bushewar iska na tsaga fata.

Wadda ke ɓarewa kuwa galibi ba fata ba ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, kuma zafi da danshi ke ruɓar da ita ko ana amfani da ita ko ba a yi. Wannan ba ta da magani.

Nan gaba ki cusa farar takarda a ciki don kada ta lotse, ban da jarida, tawadarta na kama shafi. Ki sa ta cikin rigar filo ta auduga tare da ƙunshi biyu ko uku na abin tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ki tsayar da ita a kan kanta nesa da bango, ki riƙa fito da ita tana shan iska duk bayan mako biyu ko uku a damina. Turare ki fesa a jikinki ya bushe kafin ki ɗauke ta, kuma kada ki bar sabon mayafi mai zuba ya kwanta a kan fata mai haske.