Ga wanda zai fara aikin haɗa manhaja ranar Litinin

Wa alaikumus salam ƙanina. Barka da arziki, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Ka ce ka kammala horon 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar kwamfuta, wani kamfani a Legas ya ɗauke ka gwajin wata uku, daga gida za ka riƙa aiki, kana tambayar wace laftof za ka saya da kuma wane yaren kwamfuta za ka ƙara kafin ka fara.

Batun laftof ba shi da tsawo. Ka shiga titin Beirut in a Kano kake, ko Banex in Abuja ce, ka nemi ThinkPad ko Dell ta hannu mai RAM gigabait 16 da SSD, ka tsaya a gwada maka batirin a gabanka. Mai gigabait 8 za ta yi, amma ranar da ka kunna manhajojin aiki irin su Docker da VS Code da Chrome a tare za ka ji fankarta na kuka. Canjin da ya rage ka zuba shi a ƙaramar inbata ko sola, da layin data biyu na kamfanoni daban-daban. Wanda ke aiki ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar Kodebuwa, ya san amfanin layi na biyu: wani layin ya mutu murus, wani yana ɗan jan ciki.

Sabon yare kuwa kada ka ƙara ko ɗaya yanzu. Wanda kamfanin ke amfani da shi ya ishe ka. Ba ma za a ce ka gina sabon abu ba a watan farko. Kamar yaron tela ne, sai ka daɗe kana farke ɗinkin wasu kana gyarawa kafin a miƙa maka yadi. Za a ba ka tikiti, wato bayanin aikin da za ka yi, a Jira, manhajar raba ayyuka, a ce maɓalli kaza ba ya aiki a wayoyin Android, ka wuni kana karanta kod, wato rubutun umarnin manhaja, da wani ya rubuta shekara uku baya, shi kuma ya daɗe da barin kamfanin, gyaran ya ƙare a layi biyu. Abin da zan ce ka zauna ka iya kafin Litinin shi ne Git, manhajar da ke ajiye kod da tarihin duk canjin da aka yi masa. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 saboda aikin Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, yau da wuya ka shiga kamfanin da ba a kansa ake ajiye aiki ba. Ka iya buɗe reshe, wato kwafin kod da za ka yi aikinka a ciki, ka iya komit, wato ajiye canjin da ka yi, da bayani mai ma'ana, ka iya warware rikici in kai da wani kun taɓa layi ɗaya, ba tare da ka goge aikinsa ba.

Amma a iya zamana cikin wannan sana'a, yawancin yaranmu da aka sallama bayan gwaji ba rashin iya kod ya kore su ba. Shiru ne. An tarbiyyantar da mu a kan kada yaro ya cika tambaya a gaban manya, kada ya ce bai gane ba bayan an yi masa bayani. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, a wannan aikin kuma tana jawo asara.

Ga yadda abin ke faruwa. Kowace safiya akwai taron tsaye, minti 15, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Mun taɓa ɗaukar wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, kullum aka zo kansa sai ya ce yana kan aiki, ba matsala. Har ƙarshen mako. Da aka matsa, ashe tun ranar farko manhajar ta ƙi tashi a kwamfutarsa, saboda ba a ba shi fayil ɗin da ke ɗauke da makullan shiga rumbun bayanai ba. Mantawa aka yi, laifin ma ba nasa ba ne. Da ya yi magana, minti biyar ta isa. Shi a ganinsa kara ya yi, shugaban tawaga kuwa abin da ya gani shi ne mutumin da ba za a iya dogara da maganarsa ba.

Don haka ka sa wa kanka ƙa'ida. In abu ya cije, ka yi fama da shi awa ɗaya, in bai saki ba ka rubuta. Rubutun ma akwai yadda ake yi. Kada ka tura “Barka da safiya oga” a Slack, manhajar hirar ma'aikata, ka zauna jiran a amsa gaisuwa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Mutumin yana cikin taro, sai bayan awa biyu ya ce lafiya lau, rabin wuni ya tafi. Ka haɗa gaisuwar da buƙatar a saƙo ɗaya: ina kan tikiti kaza, na gudanar da umarni kaza, ga saƙon kuskuren da ya fito, na gwada abu kaza da kaza bai yi ba, ina zargin matsalar daga wuri kaza take. Ka manna saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton fuskar kwamfuta da ka ɗauka da waya ba. Kuma ka tura a zauren tawaga inda kowa zai gani. Na san laɓewa a saƙon sirri ya fi daɗi, amma a zaure duk wanda ke kusa zai amsa, na bayanka kuma zai tarar da amsar.

Sai ranar da ka tura aikinka na farko a duba, abin da muke ce wa PR. Zai dawo da gyare-gyare rututu: sunan nan bai dace ba, ina gwajin wannan, me zai faru in mai amfani bai sa lambar waya ba. Ranka zai sosu. Ba cin fuska ba ne, haka ake yi wa kowa, har wanda ya kafa kamfanin. Inda ka yarda ka gyara, inda ba ka yarda ba ka kawo hujja. Wata rana kai za a ba aikin babba ka duba. In ka ga kuskure ka danna amincewa don kunya, in ya fashe sunanka na jiki.

In kuma kai ka yi ɓarna, ka faɗa nan take. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbun bayanansu, yana zaton a kan na ajiya yake. Ya sanar da abokan aikinsa, suka shiga gyara suna nunawa kai tsaye a YouTube, aka yi asarar bayanan kimanin awa shida. Ba a kore shi ba, tambayar da kamfanin ya yi wa kansa ita ce me ya sa hanyoyin ajiyarsu suka gaza. Ba kowane kamfani ke da wannan halin ba, amma ko a mai zafin, ɓarnar da aka ɓoye ta fi wadda aka faɗa tsada.

ChatGPT da Copilot, manhajojin AI masu taya rubuta kod, kowa na amfani da su, kai ma ka yi, bayan ka tambayi dokar kamfanin. Sai dai kada ka manna musu makulli ko bayanan kwastomomi, kuma kada ka tura layin da ba za ka iya bayaninsa ba, don za a tambaye ka.

Sallar Juma'a ka sa ta a kalandar kamfani tun makon farko, ka toshe lokacin yadda ba za a sa maka taro ba. Ban taɓa ganin inda aka hana wanda ya faɗa tun da wuri ba, rigimar tana zuwa ne in an neme ka an rasa. Haka in azumi ya zo, ka nemi a matso maka da tarukan yamma. Kuma da yawa daga cikin tawagogi ba sa sakin sabon aiki ranar Juma'a da yamma, gudun kwana gyara a ƙarshen mako.

Ranar Litinin za a ba ka takardar bayanin yadda ake tayar da manhajar a kwamfuta, kuma kusan tabbas ta tsufa, wani mataki ba zai yi aiki ba. Ka buɗe fayil a gefe kana rubuta duk inda ka maƙale da yadda aka fitar da kai. In manhajar ta tashi, ka gyara takardar da abin da ka tara, ka tura a matsayin PR ɗinka na farko.