Gidan da kuka gina a Kano zai biyo ku har Manchesta

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta rubuto daga Manchesta. Ita da maigidanta sun tara kuɗin kafin alƙalami, sun ga gida mai ɗaki uku na fam 250,000. Sai yayanta da ke Hustan a jihar Tekzas ya turo mata hoton nasa, ɗaki huɗu da gareji da filin wasan yara, dala 300,000, ya ce Ingila tsada ce kawai, su nemi hanyar komawa Amurka. Maigidan kuwa, wanda tuni ya gina gida a Kano, yana ganin gara a ƙara wani a can. Tana tambaya: a ina gida ya fi araha?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a abin da kuka tara. Hoton da Yaya ya turo gaskiya ne, amma bai haɗo miki da takardar da hukumar gundumarsu ke aiko masa kowace shekara ba. Tekzas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, don haka makarantu da hanyoyi da 'yan kwana-kwana a kan gidaje suke rayuwa. A yankin Hustan harajin gida yakan kai wajen kashi 2 cikin ɗari na ƙimar gidan duk shekara, a wasu sababbin unguwanni ya fi haka. Gidan dala 300,000 ke nan zai ci wajen dala 6,000 a shekara, kafin a cire rangwamen da ake yi wa wanda yake zaune a gidan da kansa. Ko an gama biyan bashin banki, wannan ba ya tsayawa, kuma idan ƙimar gida ta tashi shi ma ya tashi. Wanda ya bari ya taru, hukuma na iya sa a yi gwanjon gidan. Ki kuma tambaye shi nawa yake biyan inshora, a garin da guguwar Habi ta nutsar da unguwanni a 2017.

Amurka ma ba ɗaya ba ce. Niyu Jazi da Ilinoi suna cikin masu tsananin harajin gida, Hawai tana can ƙasa-ƙasa. Kalifoniya tun 1978 ta ƙayyade asalin harajin a kashi 1, kuma ƙimar da ake lissafi da ita ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara muddin gidan bai sauya hannu ba. Shi ya sa maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, wanda ya saya jiya yana biyan ninkin wanda ya saya shekara talatin da suka wuce.

Ingila a bakin ƙofa take cizo. Harajin ƙaramar hukuma kin riga kin san shi, tunda mazaunin gida ke biya ko da ɗan haya ne, kuma har yau da farashin gidaje na 1991 ake rarraba shi rukuni-rukuni. Sayen gida ba zai ɗora miki sabon nauyi a nan ba. Harajin sitam, wato wanda mai saye ke biyan gwamnati sau ɗaya lokacin sayen gida, shi ne abin dubawa, kuma nan nake so ku zauna ke da maigida ku karanta tare.

Tun Afrilun 2025, mai sayen gidansa na farko ba ya biyan komai har zuwa fam 300,000. Amma "na farko" a wurinsu yana nufin ba ka taɓa mallakar gida ba a ko'ina a duniya, ko da gado ne. Idan za ku saya da sunayenku biyu, gidan Kano ya fitar da ku daga wannan rangwame, za ku biya fam 2,500. Bai ƙare ba. Idan gidan na Kano ya kai ƙimar fam 40,000, wato wajen naira miliyan 80 in an yi canji a naira 2,000, to na Manchesta ya zama gida na biyu, kuma tun ƙarshen Oktoban 2024 ana ƙara kashi 5 a kan duk kuɗin. Lissafin ya tashi fam 15,000. Sa sunanki ke kaɗai ba zai kuɓutar da ku daga wannan ƙarin ba, domin mata da miji da ke zaune tare mutum ɗaya ake ɗaukarsu. Fili da ba a fara gini a kansa ba, shi ba ya shiga.

Na san abin da wani zai ce miki a wajen suna ko walima: wa zai je Kano ya duba? Lauyan cinikin zai ba ku takarda ku sa hannu, kuma ke da kike jiran takardar zama ta dindindin ba ki da dalilin ajiye ƙarya a fayil ɗin hukumar haraji. Ku sa ƙwararren mai ƙiyasta gidaje ya rubuto ƙimar gidan Kano a takarda. Gidaje da yawa ba su kai wannan adadin ba, sai ku huta.

Maganar maigida tana da ƙafa. A Najeriya kuɗin ƙasa na shekara kaɗan ne idan aka gwada da Tekzas, kuma mutum yana son inda zai sauka in ya koma. Sai dai ku tuna dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, satifiket ɗinku yawanci na shekara 99 ne, ga la'adar dillali, ga kuɗin amincewar gwamna. Babban harajin Najeriya kuwa, wato faɗuwar darajar naira, ba a rubuta shi a ko'ina: a farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji ta Wapa a Kano, a 2024 ta haura 1,500. Gidan da kuɗinsa ya ninka a naira, a dala yana nan inda aka bar shi. Kuɗin hayar da ɗan'uwa ke karɓo muku, in ma ya iso, da naira zai iso.

Sayen gida ba ya ba kowa takardar zama a Ingila ko Amurka. Sifaniya da take ba da ita ga mai sayen gidan yuro 500,000 ta rufe wannan ƙofa a Afrilun 2025. Saboda haka gidan Yaya ba dalilin ƙaura ba ne, sai in aiki da biza sun kira ku.

Da ni ne, a Manchesta zan saya, tunda can albashi yake shiga kuma can haya take cin ku wata-wata. Idan kuɗin ruwan banki ne ke damunku, akwai bankunan Musulunci irin su Gatehouse da ke sayen gida tare da mutum yana fansar rabonsu a hankali. Kafin ku taya, ku tambaya ko ƙasar da gidan yake kai taku ce har abada ko ta haya ce ta wasu shekaru, domin irin na biyun suna da yawa a yankin Manchesta.